Abokinmu Ba Shi da Kabari

Mu mutanen Daura ruwan guga muka sani, irin na rijiyar Kusugu. Neman abinci ya kai mu aikin jirgin ruwa, daga Apapa zuwa Ingila. Teku kuwa ba ta san sabo ba. A 1989 ta haɗiye jirgin River Gurara kusa da Fotugal. Mu ma ta taɓa mu. Wata rana da dare raƙuman ruwa suka share abokinmu, mutumin Zango, daga bisa namu jirgin. Muka yi ta kewayawa har gari ya waye, ba mu gan shi ba. Da tsohuwarsa ta tambaye mu kabarinsa, sai muka sunkuyar da kai. Tun daga ran nan 'ya'yansa namu ne. 'Yan'uwa, ku riƙa tunawa da ma'aikatan jirgi cikin addu'a.