Yadda na sayar da zanen da ba nawa ba

1/ Zare ne mai ɗan tsawo, ku yi haƙuri. Labarin yadda na kusa rasa 'yar'uwata saboda folda guda a Google Drive da naira dubu 15. Idan kana haɗa gem, ko waƙa, ko fim da abokai, daure ka karanta har ƙarshe. Laifin nawa ne, babu wanda zan ɗora wa.

2/ A 2022 ne, lokacin yajin aikin ASUU da aka fara 14 ga Fabrairu, bai ƙare ba sai Oktoba. Wata takwas muna gida. Na dawo Talata Mafara daga Sakkwato da tsohuwar laftof wadda batirinta ba ya kai awa ɗaya. Zaman banza ya ishe ni, sai na fara koyon Godot, manhajar haɗa gem ta kyauta.

3/ Na ce dara zan yi. Irin wadda tsofaffi ke yi a ƙasa gindin bishiya: gurbi 30, kowa da 'ya'ya 12, wani da tsakuwa wani da guntayen kara. Ka jera uku, ka ci ɗan abokin karawarka ɗaya. Ludo ya cika wayoyinmu, na ce me zai hana tamu ita ma ta shiga.

4/ Mu huɗu ne. Ni ina rubuta kodin. Abokina ɗan Maradun yana kula da sauti. Wani abokinmu mai shagon cajin waya shi ke ba mu wuta, shi ke gwada gem ɗin a wayoyi kala-kala. Sai taubashiyata, 'yar Gwaggo da ke Bakura, ita ce mai zane. A waya take zana komai, da yatsa, cikin ibisPaint.

5/ Wallahi yarinyar nan ta iya zane. Ta zana gonakin shinkafa, ta zana hanyar ruwan da ke tahowa daga madatsar Bakolori, ta zana darbejiya da tabarma. Sai ta zana tsohon da za ka kara da shi idan kai kaɗai ne: farar hula, carbi a wuya, gira ɗaya a ɗage kamar yana maka dariya.

6/ Duk danginmu da ya ga tsohon ya gane shi. Kakanmu ne, Allah ya jiƙansa. Ba mu da hotonsa mai kyau ko ɗaya, daga ƙwaƙwalwarta ta zano shi. Sati uku tana gyara fuskar nan. Ku riƙe wannan a rai.

7/ Yadda muke raba kaya: na buɗe folda, na saita ta duk mai linki yana iya shiga ya gyara. Na jefa linkin a guruf ɗinmu na WhatsApp. Shi ke nan. Babu wanda ya yi maganar na wane ne me. Ai mu 'yan gida ne, kunya ma ba za ta bari ka tayar da zancen ba.

8/ Kuma mun saba da haka. Mu 'yan Xender ne. A Satumbar 2021 da aka katse layukan waya a Zamfara, da Xender da memori muka rayu. Fim, waƙa, karatu, "tura min" kawai. Kan mu ya zauna a kan cewa duk abin da ya shigo wayarka ya zama naka.

9/ Na sa hotunan gem ɗin a Facebook don burga. Wani bawan Allah daga Kano ya biyo ni ta akwatin saƙo, ya ce yana haɗa manhajar yara, tsohon nan ya burge shi, nawa zan sayar? Lokacin cajar laftof ɗina ta ƙone. Na ce dubu 20, ya ce 15. Na ce turo.

10/ Da kuɗin suka shigo, maimakon in cire hoton ɗaya in ba shi, lalaci ya sa na tura masa linkin foldar gaba ɗaya. Har da ainihin fayilolin da ake iya buɗewa a sauya komai. Ban gaya wa kowa ba. A raina na ce ai ni na kawo shawarar gem ɗin, ni ne shugaba, kuma taubashiyata ce, wasa za mu yi ya wuce.

11/ Bayan wata biyar sai ga saƙonta da dare. Hoton talla ne ta ɗauko daga Facebook. Kakanmu ne, an sauya masa launin riga, an sa masa waya a hannu, an goge ƙaramin sa hannunta da ke gefen tabarma. A ƙasa ta rubuta: "Yaya, wa ya ba su?"

12/ Wanda ya san taubasantaka ya san ba ta taɓa ce min Yaya ba. Kullum tsokana ce, sunan banza iri-iri. Ranar da na ga "Yaya" na san ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Na fara kame-kame, na ce ai talla ce gare ki, mutane za su san aikinki. Ta ce, "Ta ina, bayan sun goge sunana?"

13/ Ba ta yi faɗa ba. Washegari ta kwashe zanenta daga foldar, ta fita daga guruf, ta turo layi ɗaya: kar a ƙara amfani da komai nata. To ga inda shaiɗan ya zo min. Duk zanen suna nan cikin laftof ɗina. Gem ɗin na buɗewa lafiya lau. Babu abin da zai hana ni ci gaba sai ni kaina.

14/ Kwana uku ina cika ina batsewa. Baba ya lura, ya tambaya, na ba shi labari ina jiran ya ce yarinya ce, ta cika fushi. Baba manomi ne, bai san Drive ba. Ya saurara har na gama, ya ce: "Wanda anka ba aron gona, noma anka ce ya yi. Ba a ce ya ba wani haya ba, balle ya sai da."

15/ Sai ya shiga lissafa min. Akwai aro, akwai haya, akwai jingina, akwai kyauta, akwai sayarwa. A dukkansu za ka ga mutum cikin gona da fartanya, daga nesa ba ka bambance su. Amma kowanne da iyakarsa, kuma kowa a ƙauye ya san wanne aka yi, don gaban shaidu ake yi.

16/ Ya ƙara da tuna min wanda na sayar. Kaka na cikin manoman da aikin Bakolori ya taɓa gonakinsu a shekarun 1970. Rigimar diyyar nan ce ta kai ga zubar da jinin manoma a 1980. Har ya rasu, ba abin da ya tsana kamar a yanke hukunci kan kayan mutum ba a tambaye shi ba. Na rasa inda zan sa kaina.

17/ Daren nan na zauna na karanta abin da doka ta ce, abin da ya kamata in yi tun farko. Najeriya na da sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023. Ni ba lauya ba ne, amma ga abu uku da suka tsaya min.

18/ Na ɗaya: da zarar ka zana ko ka rubuta abinka, haƙƙin ya zama naka, ba sai ka yi rajista ba. Na biyu: mallaka wa wani haƙƙin gaba ɗaya sai a rubuce. Izinin amfani kawai shi ne ake iya bayarwa da baki. Na uku: mai aiki na da haƙƙin a ambaci sunansa a jikin aikinsa.

19/ Wato abin da ta ba mu aro ne, don gem ɗin dara kaɗai. Ni kuma na ɗauki kayan aro na kai kasuwa. Mutumin Kano ma na cuce shi, don na karɓi kuɗinsa kan abin da ba ni da ikon sayarwa.

20/ Tsoro ya sa na bi sauran kayan gem ɗin ɗaya bayan ɗaya. Kai jama'a. Kiɗan buɗewa, guntun waƙar Alhaji Musa Ɗanƙwairo ne na yanko daga YouTube, wai ai ɗan Bakura ne, namu ne. Ya rasu a 1991, doka kuma na kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Ku yi lissafi. Yana da magada.

21/ Sautin kotso da ke tashi idan ka ci wasa, kawun abokina ne ya kaɗa a wani biki a Maradun, aka naɗa da waya. Bai ma san akwai wani gem ba. Ƙarar ruwa kuwa daga Freesound na sauko da ita, lasisinta CC BY-NC: sai ka ambaci mai ita, kuma ban da neman kuɗi. Mu ga shi muna shirin sa talla.

22/ Abin da ya fita tsaf su ne maɓallan da na ɗauko daga Kenney, don CC0 ne, mai su ya sallama wa duniya, yi yadda kake so. Shi kansa Godot da lasisin MIT yake, kyauta ne amma sai ka sa bayanin lasisin a cikin gem ɗinka. Ban sa ba. "Kyauta ne a intanet" kala-kala ne, ku riƙa karantawa.

23/ Na hau mota zuwa Bakura. Ban fara da ita ba, wajen Gwaggo na fara, na durƙusa na faɗi komai. Gwaggo ta yi min tas, sannan ta kira ta. Na ba da haƙuri ba tare da "amma" ba. Na ajiye dubu 15 ɗin da na ranto. Ta ce in mayar wa mai su, ita ba ta sayar da Kaka ba.

24/ Na kira mutumin na gaya masa gaskiya, na mayar masa da kuɗinsa. Ya yi faɗa, yana da gaskiya, amma ya sauke tallar, ya ce ya goge fayilolin. Sai dai in ɗauki maganarsa. Abin da ya riga ya fita ba ka da hanyar kirawo shi. Wannan shi ne ɓangaren da haƙuri bai gyara ba.

25/ Sai da aka yi wata biyu kafin ta dawo guruf. Da sharaɗi: a rubuta. Abokinmu mai caji ya ce rubutu tsakanin 'yan'uwa ai rashin yarda ne. Ta ce aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Baƙara, kan rubuta bashi take, kuma ga muminai aka saukar da ita. Ba wanda ya ƙara tofawa.

26/ Shafi ɗaya muka rubuta, da Hausa, kowa ya sa hannu, kowa ya ɗauki hoto. Ga abin da ke ciki, wanda yake so ya kwafa, na ba da izini:
• Kowa shi ke da abin da ya ƙirƙira.
• Ya ba da aronsa don wannan gem ɗin da tallarsa kaɗai.
• Ba mai bai wa na waje komai sai da yardar mai shi, a rubuce.

27/ • Sunan kowa zai fito a gem ɗin.
• In kuɗi sun shigo, ga kason kowa, mun rubuta lamba.
• In wani ya fita, abin da aka riga aka saki yana nan, amma sabon fitarwa sai an sake tambayarsa.
Wannan na ƙarshen shi ya fi cin lokaci. Gara ku yi musunsa yau da kuke dariya da juna.

28/ Foldar ma mun sake ta. Drive na da matakai uku: mai kallo, mai sharhi, mai gyara. Yanzu kowa na da foldarsa, shi kaɗai ke gyarawa, saura kallo, kuma da imel ake ƙara mutum, ba linkin kowa-da-kowa ba. Ainihin fayilolin zane suna wajenta, hoton da aka gama kawai take turo min.

29/ Muna da jadawali guda kuma: sunan fayil, wa ya yi, daga ina, wane lasisi. Na cire waƙar Ɗanƙwairo. Abokina ya je Maradun ya nuna wa kawunsa gem ɗin, tsoho ya yi dariya, ya ce wancan kiɗan na biki ne, bari ya kaɗa mana na dara. Muka biya shi, sunansa na ciki.

30/ Ta dawo da gonakin, da ruwan, da darbejiya. Kaka ne ba ta dawo da shi ba. Ta ce ya fita sau ɗaya, ya isa. Yanzu in kana wasa kai kaɗai, wani tsoho ne daban da ta zana, ba kamannin kowa. Har yau akwai kwafin na farkon a laftof ɗina, ta sani, ta ce in ajiye don kallo.

31/ Gem ɗin bai hau Play Store ba tukuna, muna tara dala 25 na rajista, ga karatu. In ya fito zan sanar. Kafin nan, in kuna da foldar haɗaka, je ka duba yau su wa ke da izinin shiga, kuma ka tambayi mai zanenku me ya ba ku, aro ko kyauta.

32/ Kafin in saki zaren nan na tura mata ta karanta. Ta cire abu biyu, ta ce kar in sa sunanta ko zanen Kaka, shi ya sa ba ku gan su ba. Sannan ta ce, "Saki, ɓarawon tsofaffi." Alhamdulillah, an daina ce min Yaya.