Kuɗin da ba a kai su kasuwa

A watan Janairu na 2020, Royal Mint, gidan da ke buga wa Ingila kuɗin ƙarfe, ya fito da wani sabon sule don karrama Queen, ƙungiyar mawaƙan salon rok. Ita ce ƙungiyar kiɗa ta farko da aka yi wa haka a ƙasar. Gefe guda hoton Sarauniya Elizabeth ta biyu ne, ɗaya gefen kuwa kayan aikin mutum huɗun ne: jita biyu, ganga, fiyano da makirfo. Mafi araha an rubuta masa fam 5, amma ana sayar da shi fiye da haka, kuma mai saye adana shi yake yi. Daga baya The Who suka samu nasu a 2021, Rolling Stones kuma a 2022, cikarsu shekara 60.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ƙasa ta ajiye mai mulki da makaɗi a ƙarfe ɗaya. Ni na tashi ne inda ake cewa makaɗi maroƙi ne. A yi masa kari ranar biki, a hana shi auren ƴar gida. Kuɗi a goshinsa muka saba liƙa su, ba mu saba ganin kayan sana'arsa a jikin kuɗi ba.

Dala ashirin ɗin da nake miƙa wa mai shayi a unguwar Plateau ba za ta iya yin wannan aiki ba. Bankin BCEAO, mai hedikwata a Dakar, shi ke fitar da ita domin ƙasashe 8, tambarinta kuwa ma'aunin zinariya ne na mutanen Akan, mai siffar kifi. Kuɗin tarayya ba su da gurbin gwanin ƙasa guda.

Gwanaye kam muna da su. Tun 1987 ake gasar kiɗa da sunan Ɗan Gurmu na Tawa. Tal National ta kai kiɗan Yamai Turai da Amurka. Bombino na Agadas ya shiga jerin ƴan takarar kyautar Grammy a 2019, ɗan Nijar na farko da ya kai nan. Sai dai wanda ya fi damuna shi ne Malam Maman Barka, malamin makaranta da ya je bakin tafkin Cadi ya koyi biram, abin kiɗan Buduma mai tsirkiya biyar, lokacin da masu kaɗa shi suka kusa ƙarewa. Ya rasu a 2018. Yau ɗalibai nawa ne a Yamai za su gane biram in an nuna musu hotonsa?

Ba sai mun jira banki ba. A gidan tarihi na Bubu Hama, kusa da Plateau, akwai maƙeran farfaru da ke zuba azurfa kullum. Hannun da ya iya gicciyen Agadas ba zai kasa zana biram ko gurmi a faifan tagulla ba. Ƙungiyar al'adu guda za ta iya sa a ƙera lambobi kaɗan, da sunan makaɗi da shekarunsa, a riƙa ba ɗaliban da suka yi fice a ƙarshen shekara. Yaron da ya kai irin wannan lamba gida, dole a tambaye shi ko wane ne mai sunan, dole kuma ya koma wurin malaminsa neman amsa. Ya rage gare mu, malamai, mu tanadi amsar kafin ya zo.