Masu Batir A Ƙauyen Makanikai Na Apo

A kudancin birnin Abuja, wanda ya zama mazaunin Gwamnatin Tarayya a 1991, akwai unguwar Apo, inda makanikai da masu sayar da kayan mota suka yi sansani. Tun da hantsi ba a jin komai sai ƙarar guduma, ga rumfuna jere, ga batura an jibge kamar tubalin gini, sababbi da na hannu.

Mai motar da batirinsa ya mutu yakan iso nan a gaggauce, amma fa sauri ya haifi nawa. Gwanin sana'ar ba ya miƙa masa sabo sai ya duba girman mazaunin batirin, da gefen da jar waya take, da ƙarfin da motar ke bukata, ko lamba 62 ce, ko 75, ko 100. Sa'an nan a ɗora mita. Lafiyayyen batir mai cikakken caji yakan nuna bolt 12.6. In ya gaza haka, sai a sa shi a caji a hankali ya kwana, domin cajin gaggawa dafa shi yake yi, balle a zafin watan Maris.

Awo na ƙarshe shi ne bayan an ta da injin. In mita ba ta kai wajen bolt 14 ba, to, laifin na altaneto ne, wato na'urar da ke ciyar da batirin. Wanda ya tsallake wannan awo, sabon batirin ma yana iya mace masa a hanyar Kaduna cikin dare.