Filin Baba da Jif ɗin Dillali

Wannan makon layi ya zo kaina, kuma ku yi haƙuri, ba batun adabi na kawo ba. Labarin wata mota ce da ta hana ni barci har sati uku.

Toyota RAV4 ce ta 2008, baƙa wuluk, irin mai goye da taya a ƙofar baya. Dillalin ya ce 'yar Baljiyam ce, wata tsohuwa ce ta hau ta a Amurka. Mu dai duk motar da ta tsallako teku Baljiyam muke ce mata, kuma in kun lura, duk motar da ke hannun dillali tsohuwa ce ta hau ta, daga gida sai kanti.

Albashin ɗan difloma ba ya sayen jif, ko da ƙarama ce. Abin da nake da shi fili ne, rabona na gadon Baba, Allah ya jiƙansa. Hujjata kuwa mai ƙarfi ce: Umma na fama da gwiwa, duk wata sai an kai ta asibiti, kuma da damina layinmu yakan zama kududdufi, mai adaidaita sahu a bakin titi yake sauke mu. Motar nan tana da tudu, za ta kai ta har ƙofar gida.

Na ɗauki Kawu, ƙanin Umma, wanda ya yi shekara fiye da ashirin yana kanikanci, muka je gani. Ni ina shafa kujeru, shi ko kallon fentin bai yi ba. Ya sa yatsa a bakin salansa, ya fito baƙi ƙirin da maiƙo. Ya ɗaga dardumar ƙasa yana shinshinawa, wai motar da ambaliya ta taɓa ci warinta ba ya ɓuya. Ya karanta lambar casis, haruffa da lambobi 17, ya gwada da ta jikin takardar kwastan. Sannan ya ce a buɗe bonat. Da ya ga injin 2.4 ne sai ya ja ni gefe.

"Ɗana, wannan injin na shekarun nan ya yi suna wajen shan baƙin mai. Ana gyarawa, amma sai an sauke shi. Bar wannan ma. Tankinta lita 60 ne. Nawa kake ɗauka a wata?"

Na yi shiru. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200, har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. Cika tanki sau ɗaya kenan ya kusa lashe mafi ƙarancin albashi na 70,000, ni kuma ban fi ƙarfin wannan layin da nisa ba.

A hanyar dawowa ya ƙara da cewa, "Yaya sau ɗaya take zuwa asibiti a wata. Sauran kwana ashirin da taran wa za ka ɗauka?"

Wannan ce ta soke ni. Domin in zan faɗi gaskiya, duk daren da na kwanta ina tuƙa motar a raina, ba ƙofar asibiti nake tsayawa ba. Harabar da muke taron ƙungiya nake shiga, ku kuna waigowa.

Umma ba ta san na kai dillalin filaye ya ga wurin ba, sai da na faɗa mata da bakina. Ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Babanku da keke ya biya filin nan, kaɗan-kaɗan."

Yanzu mun yi yarjejeniya da wani maƙwabci mai tasi, ranar asibiti yakan zo har ƙofa, in ruwa ya yi yawa mu shimfiɗa bulo Umma ta taka. Filin yana nan, na ba wani ya shuka gyaɗa. Hotunan motar guda tara kuma suna cikin wayata, ban goge ba tukuna.