Wasiƙa Daga Kalkata, Bayan Kiɗa Ya Lafa

Kalkata, Indiya
Oktoba, 2024

Yaya,

 Ina nan lafiya lau, sai kewa. Karatu yana tafiya, alhamdu lillahi.

Labari ya iso ni cewa ɗan bidiyon da na turo ya zaga Bauchi tun daga Wunti har Yelwa, wai an gan ni a gidan gumaka, wai har na fara bin addininsu. Don Allah ka kwantar wa Hajiya da hankali. Sallata biyar tana nan, Juma'a kuma a masallacin Nakhoda nake yinta, wanda ya fi kowane masallaci girma a birnin nan. Abin da aka gani a bayana rumfa ce ta gora da yadi da aka kafa a tsakiyar layinmu, sai ka ratsa ta gefenta kafin ka kai bakin titi. A makon bikin Durga Puja, in mutum ya ce ba zai wuce ta gaban irin wannan rumfa ba, to sai dai ya kulle kansa a ɗaki.

Mu da muka tashi da finafinan Indiya muna ganin kamar mun san mutanen nan. Wallahi waƙar fim daban, wannan daban. Kusan mako guda kafin bikin, ranar da suke kira Mahalaya, da ƙarfe huɗu na asuba na farka na ji murya ɗaya tana fitowa daga kowace taga a unguwar, muryar wani dattijo, yana rero karatu da Sanskirit, yana ɗagawa yana saukewa, can sai ta karye kamar zai yi kuka. Sunansa Birendra Krishna Bhadra. Ya rasu tun 1991, amma gidan rediyon ƙasa yana sako shirin nasa duk shekara a wannan asubar, al'adar da ta faro tun farkon shekarun 1930. A 1976 hukumar rediyon ta ce za ta sabunta, ta ɗauko Uttam Kumar, babban tauraron fim ɗin Bangal na lokacin. Jama'a suka yi ca, dole aka dawo musu da tsohonsu. Mai gidan da nake haya, tsoho ne mai fama da gwiwa, ajiye ƙaramar rediyonsa yake yi shekara guda cur don wannan awa ɗaya da rabi, ga talabijin ga waya amma ya ce a'a.

Abin da ake rerawa daga wani littafinsu ne mai baiti 700, labarin Durga, mace mai hannu goma a kan zaki, da ta kashe wani aljani mai siffar ɓauna. Sai dai a bakin talaka ba jarumar yaƙi ba ce. Uwa suke ce mata, kuma a lokaci guda 'yarsu ce da ta yi aure nesa, ta zo ganin gida da 'ya'yanta huɗu na 'yan kwanaki. Akwai waƙoƙin tarbarta da ake sa wa a bakin mahaifiyarta, tana tambaya ko mijin yana riƙe ta da kyau. Wani mawaƙinsu na ƙarni na 18, Ramprasad Sen, har gori da mita yake yi wa uwar a waƙa, kamar yaron da aka hana abu, kuma har yau ana rera shi.

Sai ganga. Dhak suke ce mata, ƙatuwa, a rataye a kafaɗa, an yi mata ado da gashin tsuntsu, ana dukanta da tsinkayen gora biyu. Makaɗan daga ƙauyuka suke zuwa, su yi ta kiɗa a tashar jirgin ƙasa ta Sealdah har wata unguwa ta yi ciniki da su ta ɗauke su. Da magariba ake cika kasko da ɓawon kwakwa da turare, samari su riƙe a hannu biyu, wani ma ya ciza na uku a baki, suna rawa garwashi yana zuba. Ana cikin haka matan suka rangaɗa guɗa. Guɗa fa, Yaya, tamu sak, har da kaɗa harshe. Ina tsaye a baranda sai da idona ya cika, don ba abin da na tuna sai ranar da aka kawo amaryarka.

Aƙidarsu tasu ce, ni na san inda na tsaya. Amma kuɗin da ake kashewa ya ɗaure mini kai. Wani bincike da British Council ta yi a kan bikin 2019 ya ƙiyasta harkar da sama da rufi biliyan 320, kuma a 2024 gwamnatin jihar ta bai wa kowane kwamitin unguwa rufi 85,000. UNESCO ma ta sa bikin a jerin al'adun duniya a 2021. Magina a unguwar Kumartuli sukan shafe watanni suna ɗora yumɓun kogi a kan ciyawa don ƙera gunkin Durga, a yi fenti, a sa tufafi, ranar ƙarshe kuma a kai kogin Hooghly a tura cikin ruwa, mata suna shafa wa juna jan gari suna hawaye. Masu fenti da teloli da masu lantarki, har da Musulmi a cikinsu, da wannan makon suke cin shekara, wannan kam ban raina ba.

Bayan an sallami Durga, yaro da babba kowa yana sunkuyawa ya taɓa ƙafar na gaba da shi, har malamin jami'a na gani ya yi wa gyatumarsa haka a bakin titi. Ya burge ni. To amma ka je ƙofar ɗakin bautar Kalighat ka ga tsofaffin mata a jere da kwanon bara. Wasu gwaurayen da mazansu suka mutu har Vrindavan suke ƙarewa, can arewa, suna rera waƙar bauta sa'o'i don a ba su 'yar shinkafa da 'yan kuɗi. A yi wa uwar yumɓu sarƙar zinariya, uwa mai rai tana kwana a waje? Abin ya tsaya mini a rai, ko da yake mu ma in an bi tashoshinmu ba za a rasa abin faɗa ba.

Da hutun bikin na haura Darjeeling, kan duwatsu. Sanyin Jos wasa ne. A can mabiya Buddha 'yan asalin Tibet suke da tasu uwar, Tara, suna mata yabo 21 da murya ƙasa-ƙasa, ga kakakinsu na tagulla, ba rawa ba hayaniya.

Yanzu maganar zuwan Kawu asibiti. Kada a yanki tikiti a ƙarshen Satumba ko cikin Oktoba sai an duba kalandarsu, domin ranar bikin tana motsi kamar tamu sallar. Ofisoshi a rufe, manyan likitoci da yawa sun tafi hutu, masauki ya yi tsada, motar haya kuma ba ta shiga layi saboda cunkoso. Nuwamba ya fi, zafi ma ya sauka. A nema masa ɗaki kusa da titin Zakaria, nan ne nama na halal da masallaci suke. Maƙwabta za su miƙo masa abincin da aka kai gaban abin bautarsu. Kada ya ɗaure fuska ko ya yi wa'azi, ya dafa ƙirji ya yi godiya ya ce addininsa bai yarda ba, sun saba da Musulmi, ba sa jin haushi. Ya cire takalmi a ƙofar gidan kowa. Ya riƙa yawo da kwafin fasfo da takardar asibiti, kuma ya yi ciniki kafin ya hau kowace mota marar mita. Ya taho da abin toshe kunne, don bayan Durga Puja akwai bikin Kali da wasan wuta, dare ba barci.

In zai taho a ba shi kuka da daddawa da yaji da kilishi, a ɗaure da kyau. Masa kam na haƙura, nasu wainar shinkafar ba ta kama ƙafar ta Bauchi ba. Ka gaishe mini da Hajiya, ka karanta mata wannan da kanka, kada ta ji a bakin wasu.

Naka,
Ƙaninka