Daga Kabuga Nake Juyowa

Kekena Phoenix ne, baƙi, irin na malaman firamare na da. Wata goma sha ɗaya ya yi jingine a zaure, iskar tayoyin ta sace, sarƙar ta yi tsatsa, yara suka mai da kansa wurin rataye jakar makaranta.

Korona ta kama ni cikin azumin 2020, lokacin da aka kulle Kano. Zazzaɓi da tari sun tafi cikin mako uku, amma gajiyar ta yi zamanta. Ni da nake tashi daga Gadon Ƙaya in je Janguza in dawo kafin hantsi, sai ga ni ina haki tsakanin gida da masallacin unguwa. An yi gwaje-gwaje ba a ga komai ba. Mutane suka fara cewa, "Ai ka warke, sai dai ragwanci." Har ni kaina na fara yarda.

Shi ya sa ranar da mai gyara ya sa wa keken sabon tif ya ɗiga wa sarƙar baƙin mai, na hau da niyyar ƙaryata su. Kuma wallahi na ji daɗi. Iskar asuba tana dukan fuskata, na wuce Kabuga, na wuce Rijiyar Zaki, sai da na ga ƙofar sabuwar Jami'ar Bayero sannan na juyo. Ranar ina ta ba da labari. Washegari ma lafiya lau. A rana ta uku ne na kasa ɗaga buta. Kwana tara ina salla a zaune, kaina ya yi dum, ko karatun jarida ba na ganewa.

Halin wannan ciwo ke nan. Bashi yake ba ka, ba ya tambaya a ranar, sai bayan kwana ɗaya ko biyu ya zo karɓa har da riba. Maiɗakina ce ta fara lura. Ta ce, "Malam, kai fa ba ranar da ka hau kake biya ba. Ka riƙa rubutawa."

Na sayi ƙaramin littafi. Minti goma bayan sallar asuba, sai hutun kwana biyu. Nakan tsaya in dafa wuyan hannuna in ƙirga bugun zuciya, in ya yi sama in sauka in tura keken. Abin da ya fi yi mini wuya shi ne juyowa alhali ƙafafuna suna neman ƙari. Akwai wani dattijo da ke ɗauko itace a bayan kekensa, kusan kullum sai ya wuce ni, ya yi mini sallama ba tare da ko haki ba. Da farko abin na ci mini rai. Yanzu amsawa nake yi, in bar shi ya yi gaba.

Yau na kai Kabuga, karo na huɗu a wannan watan. Titin Gwarzo a miƙe yake, motoci ba su fito ba tukuna. Na ɗan tsaya ƙafa ɗaya a ƙasa, sannan na karkata kan keken zuwa gida. Na rubuta: minti ashirin da biyu. Layin da ke ƙasa na bar shi babu komai, sai jibi zan cike shi.