Yaye a babban hutu

A Tanut, da an rufe lakwal a ƙarshen watan Yuni, iyalan malamai sukan kama hanyar ƙauye. Haka wani malami da maiɗakinsa suka nufi wajen Belbeji da ɗiyarsu mai wata ashirin. Niyyarsu a yaye ta a ɗakin kaka, kamar yadda aka gada, uwar ta huta kafin Oktoba.

Yarinyar ta cika gida. Ta kori kaji, ta kifar da ƙwaryar fura, ta iya kiran akuya tun ba ta iya gaisuwa ba. Kakar sai dariya. Amma da aka ɗauko zancen yaye, ta ɗaure fuska.

"Ɗan nan, ka leƙa rumbu kuwa?"

Babban hutu a Damargu yakan faɗo daidai lokacin da hatsin bara ya ƙare, sabo bai nuna ba, sauro kuma ya yi yawa. Tsohuwar ta ga 2005, bayan fari da fara na 2004 sun bar rumbunan wannan ƙasa ta hatsi wayam. Ta san yaran da suka fi cika cibiyoyin jinyar tamowa: ƴan yaye. Kalandar makaranta ba ta san da wannan lissafi ba. Malamin ma, da dukan karatunsa, ya mance shi.

Aka bar yarinyar a kan nono. Sai da aka gasa tumun fari a watan Satumba, sannan kakar ta dama kunu, ta goya jikarta, ta ce wa uwar ta haɗa kayanta.